Shin Littafin Firistoci taswirar zuciya ne?

"Malam, barka da aiki. Ni nake jagorantar nazarin Littafi Mai Tsarki na matasa a ikilisiyarmu, bana kuma mun iso Littafin Firistoci. Gaskiya muna shan wuya: yanka, jini, kitse, ƙuraje, naman da ake ci da wanda ba a ci. Sai wani daga cikinmu ya turo bidiyon wani mai koyarwa da ke cewa littafin gaba ɗaya ba maganar dabbobi yake yi ba, maganar tunanin mutum yake yi. Wai babban firist shi ne hankalinka, tsuntsaye biyun nan na sura 14 kuwa damuwarka ce da burinka, in ka suranta burin a ranka har ka ji kamar ya tabbata, to zai tabbata. Matasa sun ji daɗin wannan ƙwarai. Ni ma ya ja hankalina, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Ya halatta a karanta dokokin firistoci haka?"

Ɗana, sannu da ƙoƙari, Ubangiji ya ƙara basira. Tambayoyi biyu ka haɗa wuri guda, sai an raba su amsa za ta fito. Ta farko ita ce ko waɗannan dokoki suna da abin da za su koya wa lamiri da idon zuci. Amsata ita ce ƙwarai kuwa, ina ma ganin wanda ya karanta su ba su taɓa cikinsa ba bai gama karatun ba tukuna. Ta biyu ita ce ko daidai ne a ce ma'anarsu ke nan kurum, har Allah da firist da mai kawo hadaya su narke su zama tunaninka kai kaɗai. Wannan kam ban yarda da ita ba, kuma dalilaina daga cikin littafin kansa zan ɗebo su.

Mu fara tuna inda littafin ya tsaya. A ƙarshen Littafin Fitowa an gama kafa alfarwa ta sujada a gindin Dutsen Sina'i, ɗaukakar Ubangiji ta cika ta har Musa bai iya shiga ba. Surori 27 da suka biyo baya suna amsa matsala ɗaya: yaya mutane masu zunubi, masu ciwo, masu mutuwa, za su zauna kewaye da Allah mai tsarki ba su hallaka ba, shi kuma bai bar su ba? Sura 1 zuwa 7 hadayu ne, 8 zuwa 10 keɓe Haruna da 'ya'yansa, 11 zuwa 15 tsarki da ƙazanta, 16 Ranar Kafara, daga 17 zuwa 26 kuma zaman tsarki a gona da kasuwa da gida da wurin shari'a. Tun da Romawa suka rushe Haikalin Urushalima a shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu hadayun suka tsaya, saboda haka duk wanda ya buɗe littafin tun daga lokacin, Bayahude ne ko Kirista, ya yi irin tambayar da matasanka suke yi.

Karatun ciki ya daɗe

Mai bidiyon bai ƙago neman ma'anar ciki ba. Tun kafin a rushe Haikalin marubucin Zabura ya ce karyayyen ruhu shi ne hadayar da Allah yake so (51:17), ya kuma roƙa addu'arsa ta zama kamar turare, ɗaga hannuwansa kamar hadayar maraice (141:2). Yahudawan Iskandariya ta Masar sun ci gaba daga nan. Filo, wanda ya yi zamani da Yesu da Bulus, ya ɗauki dokar sura 11 cewa dabbar da za a ci sai mai tuƙa kuma mai rababben kofato, ya ce tuƙa ita ce maido da abin da aka koya ana juya shi a rai har ya zauna, rabewar kofato kuwa iya bambance nagari da mugu. Amma shi wannan Filo ya tsawata wa waɗanda suka ce tunda sun gane ma'anar Asabar da kaciya ba sai sun kiyaye su ba. Ya ce dokar fili kamar jiki ce, ma'anarta kamar rai, ba a kuwa watsar da jiki don an san akwai rai.

A cikin ikilisiya, wani malami mai suna Orijin, wanda aka haifa wajen shekara ta 185, ya yi wa'azi 16 a kan wannan littafi a Kaisariya, suna nan har yau. Ya koyar cewa Nassi yana da jiki da rai da ruhu, kuma kowane mai bi yana da bagade a cikinsa da hadayar da zai ɗora a kai. Ya dogara ga wasiƙar Ibraniyawa, wadda ta ce hadayun dā ba su iya tsarkake lamiri ba, jinin Almasihu ne ya yi wannan (9:9, 14), da kuma maganar Bitrus cewa masu bi firistoci ne. A wasu wurare Orijin ya wuce gona da iri, malaman Antakiya sun soki hanyarsa saboda haka, amma bai taɓa cewa Allah tunaninsa ba ne.

Wanda ya fi kusa da tambayarka shi ne wani malamin Yahudawa na ƙasar Sifen, Musa ɗan Nahman, wanda ya rayu daga 1194 zuwa 1270. Da yake bayanin hadaya ta ƙonawa, ya ce mutum da aiki da magana da tunani yake yin zunubi, don haka ɗora hannu a kan dabbar yana tsaye a madadin aiki, furta laifi a madadin magana, ƙona kayan ciki da ƙoda a madadin tunani da sha'awa. Mai hadayar kuma ya ƙiyasta a ransa cewa abin da ake yi wa dabbar nan shi ya cancanci a yi masa, alherin Mahalicci ne ya karɓi musanya. Ka ga, wannan aiki ne na idon zuci sosai, sai dai surantawar tana kai mutum ga ganin gaskiyar halinsa a gaban Wani ne. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun san wannan muhawara ta zahiri da baɗini. Imam Gazali ya jera tsarki hawa huɗu, daga wanke jiki zuwa tsarkake gaɓoɓi daga saɓo, da zuciya daga mugun hali, da sirrin mutum daga duk abin da ba Allah ba, bai kuma yarda hawa na sama ya soke na ƙasa ba.

Inda koyarwar bidiyon ta fito

A sura 14 ana kawo tsuntsaye biyu domin tsarkake mai cutar fata, a yanka ɗaya a saki ɗaya. Fassararsu da ka kawo ta Neville Goddard ce. An haife shi a tsibirin Barbados a 1905, ya yi koyarwarsa a New York da Los Angeles ta Amurka, ya rasu a 1972, yanzu kuma jawabansa sun sake bazuwa a YouTube da TikTok. A wurinsa Littafi Mai Tsarki ba tarihi ba ne, labari ne na abin da ke gudana a cikin tunanin mutum, Allah kuwa shi ne ikon surantawar da ke cikinka. A wani ƙaramin littafinsa na 1942 ya ce tsuntsu na farko shi ne yadda kake ganin kanka yanzu da matsalarka, na biyu shi ne abin da kake so ka zama. Ka kashe na farko ta wurin janye hankalinka daga gare shi, ka ji a jikinka ka riga ka zama na biyu, sa'an nan ka sake shi ka bar shi ya cika da kansa.

Na gane abin da ya sa matasa suka karɓa. Littafin da suke gani kamar kundin mahauta ya koma yana magana da su, yana ba su bege. Akwai kuma gaskiya a gefen maganar: abin da mutum ya cika ransa da shi yana sarrafa tafiyarsa, wanda ya ɗauki kansa ba komai ba da wuya ya yunƙura. Amma buɗe sura 14 ka karanta aya ta 3 a hankali. Firist ne yake fita bayan zango ya duba mai cutar fatar da aka ware, in ya ga cutar ta riga ta warke, sa'an nan ya umarta a kawo tsuntsaye biyu da itacen al'ul da jan zare da ɗaɗɗoya. Wato tsuntsayen ba magani ba ne, ba su warkar da kowa. Ana kawo su bayan warkewa domin a dawo da wanda aka ware cikin jama'a. A duk surori 13 da 14 babu inda aka ba firist ko mai ciwo wata dabara ta kawar da cutar. Fassarar da ta mai da wannan ka'ida hanyar samun biyan buƙata ta juya nassin a baibai tun daga farkonsa. Ina yawan faɗa wa ɗalibaina cewa ma'anar ciki kamar man gyaɗa take, daga cikin gyaɗar ake matso shi, ba a zuba shi daga wata kwalba a ce nata ne.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Littafin ya ginu a kan cewa akwai Mai Tsarki wanda ba kai ba ne, kuma ba yadda ka ga dama ake kusantarsa ba. Nadab da Abihu, 'ya'yan Haruna, sun kawo wutar da ba a umarce su ba, suka mutu nan take (sura 10). Babban firist kansa sau ɗaya a shekara yake shiga bayan labule, a rana ta 10 ga wata na 7, ya tuɓe kayan adonsa ya sa lilin, ya sa hayaƙin turare ya rufe murfin akwatin alkawari domin kada ya mutu. In Allah tunanina ne, wa nake tsoro a bayan labulen, wa nake furta wa laifi, wa zai gafarta mini? Na kuma zauna da marasa lafiya da aka koya wa irin wannan, ciwo bai tafi ba, sai suka ƙara wa kansu nauyi na biyu, suna cewa su ne ba su iya surantawa daidai ba. Wannan yana damuna ƙwarai, domin littafin da aka ba mu don sauke wa mutum kaya an mai da shi abin ƙara masa.

Abin da surorin ƙuraje suke koya wa lamiri

Kada ka ɗauka ina cewa ku bar sura 13 da 14 a matsayin tsohon tarihi. A ganina suna cikin wuraren da suka fi koya wa mutum yadda zai dubi cikinsa, in an bi su yadda suke. Kafin nan ka faɗa wa matasa abu biyu. Alamomin da aka kwatanta a can ba su yi daidai da kuturtar da likitoci suka sani yau ba, abin har a tufa da bangon gida yake fitowa, kuturta kuwa tana warkewa da maganin asibiti. Sa'an nan ƙazanta a wannan littafi ba zunubi ba ce. Mai jego ma tana zama cikin kwanakin tsarkakewa (sura 12), ba don ta yi laifi ba, Maryamu uwar Yesu ma ta kai tsuntsaye biyu na matalauta bisa ga wannan doka. Jacob Milgrom, masanin da ya rubuta sharhi mai juzu'i 3 a kan littafin, ya nuna cewa abubuwan da ke ƙazantarwa, gawa da lalacewar fata da zubar jini ko maniyyi, duk suna kewaye da mutuwa ne. Don haka duk fassarar da za ta sa a nuna mai ciwo da yatsa a ce halinsa ne ya fito a fatarsa, ku yar da ita.

To, dubi yadda firist yake aiki. Ba ya gaggawa. In tabon bai bayyana sosai ba, sai ya keɓe mutumin kwana 7, ya sake dubawa, in har yanzu da shakka ya ƙara kwana 7. Tambayoyinsa kuma su ne: ya zarce fata zurfi? Yana yaɗuwa ko ya tsaya? Da yawa daga cikin tabban da aka ambata hukuncinsu shi ne ba komai, mutumin tsarkakakke ne. Lamirin da ya koyi wannan ba zai firgita da kowane tunani da ya gifta masa ba, ba zai kuma yi sakaci da wanda yake cin wuri a hankali ba. Fushin da ya zo ya wuce daban yake da wanda ka tarar bayan mako biyu ya yi jijiya, ya shiga yadda kake gaisawa da yadda kake addu'a. Na ga masu yawan zargin kansu sun sami sauƙi da suka gane cewa a dokar Allah ma akwai jira, akwai kuma "ba komai".

Ka lura kuma ba wanda yake yanke wa kansa hukunci. Kawo shi ake yi wurin firist. Har mai gidan da ya ga tabo a bangonsa, abin da aka ce ya faɗa shi ne yana ganin kamar akwai wani abu a gidan (14:35), tabbatarwa ba tasa ba ce. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, littafin ya san wannan hali namu. Wanda ya mai da firist hankalinsa na kansa ya cire ainihin abin da surar take kārewa, wato buƙatar idon wani. Akwai kuma wani tausayi a aya ta 36 da mutane kan tsallake: firist ya umarta a kwashe kayan gidan kafin ya shiga dubawa, domin kada hukuncin ya haɗa da su. Duk mai ba mutane shawara ya kamata ya zauna da wannan aya.

Sai tsuntsun da aka saka. An yanka ɗaya a kasko bisa ruwa mai gudu, an tsoma mai ran a cikin jinin, an yayyafa wa mutumin sau 7, aka sake shi ya tashi zuwa fili. Nassin bai faɗi abin da itacen al'ul da jan zare da ɗaɗɗoya suke nufi ba, don haka duk wanda ya faɗa maka ma'anarsu, har da ni, ra'ayi yake bayarwa. Amma ka sa matasa su rufe ido su tsaya a inda mutumin nan yake tsaye: ya daɗe a bayan zango da yagaggun tufafi, yana kira "ƙazantacce" in an matso, yau kuwa yana kallon abin da ya raba shi da mutanensa yana tafiya ba zai komo ba. A rana ta 8 aka shafa masa jini a kunnen dama da babban yatsan hannu da na ƙafa, daidai yadda aka yi wa Haruna ranar da aka keɓe shi. Wanda aka kora jiya, yau ana taɓa shi kamar firist. Irin wannan surantawa nake ƙarfafawa, wadda mutum yake shiga cikin nassi ya bar nassin ya yi masa aiki.

Wuraren da tunani kaɗai ba ya biya

Akwai ayoyin da nake gwada kowace fassarar ciki da su. Sura 6:1-7 ta ce wanda ya ci amanar ajiya, ko ya ƙwace, ko ya tsinci abu ya yi ƙarya, sai ya mayar wa mai shi cikakke ya ƙara humushi a kai, sa'an nan ya kawo rago. Biya tukuna, hadaya daga baya. Babu yadda za ka suranta ka biya bashi alhali mai kuɗin yana jira. Haka sura 19: a bar wa matalauci da baƙo kalar gona, kada ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannunka, mudu da ma'auni su zama na gaskiya. A tsakiyar waɗannan ne littafin da kansa ya shiga zuciya, ya ce kada ka ƙi ɗan'uwanka a ranka, kada ka riƙe shi, ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka. Ya hana zagin kurma da sa wa makaho abin tuntuɓe, laifuffukan da wanda aka yi wa ba zai san mai yi ba, ya ce ka ji tsoron Allahnka. Ya kuma ce ka ƙaunaci baƙo domin ku ma baƙi ne a Masar, wato yana umartar ka sa kanka a matsayin wani. Ga idon zuci yana aiki, amma zuwa ga maƙwabci yake kallo.

Milgrom ya lura da wani abu da ya dace da wannan. Jinin hadaya don zunubi ba a jikin mai zunubin ake shafa shi ba, a bagade ake sa shi. Laifin mutum ɗaya, a bagaden waje. Laifin babban firist ko na dukan jama'a, a ciki gaban labule. Tawaye na ganganci kuwa sai Ranar Kafara, can cikin Wuri Mafi Tsarki. Ma'anar ita ce abin da ka yi a ɓoye yana barin datti a wurin da kowa yake tarayya a ciki. Wannan ya fi a ce bagade zuciyarka ce zurfi, domin ya nuna cikinka ba naka kaɗai ba ne.

Game da aikinka na mako-mako, ga yadda nake yi a aji. Nakan sa a karanta sura da ƙarfi, a hankali, kowa ya lura da wa yake yin me. A sura 1 ɗalibai kan yi mamaki in suka ga mai hadayar ne da kansa yake ɗora hannu, ya yanka, ya feɗe, firist kuwa jini da wuta ne aikinsa. Sai mun san abin da ka'idar take yi wa Ba'isra'ile na wancan zamani, da abin da Sabon Alkawari ya ce a kanta, sa'an nan nake barin kowa ya faɗi inda ta taɓa shi. In wani ya ce wutar bagade da ba a bari ta mutu, da tokar da firist yake kwashewa kafin ya ƙara itace kowace safiya (6:8-13), sun tuna masa da addu'ar asuba da barin abin jiya, ina karɓa da murna, domin ya fito daga abin da nassin yake yi. Sai dai ina ce masa wannan darasi ne da ya samu, ba za a kafa koyarwar ikilisiya a kansa ba, wani mai bi zai iya ganin wani abu dabam bai yi kuskure ba.

Shi kuma ɗan'uwan da ya turo bidiyon, kada ka kunyata shi a gaban 'yan'uwansa, yunwar da ta kai shi can mai kyau ce. Ka ba shi sura 14 ya shirya ya jagoranci nazarinta da kansa, ka roƙe shi ya nuna wa ƙungiyar ayar da cutar ta warke da ayar da aka kawo tsuntsayen, ya faɗi wadda ta riga. In a cikinsu akwai mai ciwo na jiki ko damuwar da ta hana shi barci da cin abinci, ku yi addu'a tare da shi, ku kuma raka shi asibiti.